Binciken Ilimi Kan Afganistan: Tambayoyi da Amsoshi Ga Ɗalibai da Manazarta

An shirya wannan shafi ne domin ɗaliban kimiyyar siyasa da tarihi da nazarin zamantakewa, da kuma 'yan jarida masu son yin rubutu kan Afganistan bisa hujja. Tambayoyin su ne waɗanda aka fi cin karo da su wajen zaɓen maudu'i, neman takardu da tantance alƙaluma.

Ina son rubuta kundin digiri kan Afganistan. Ta ina zan fara?

Ka fara da rage girman maudu'in. Take irin "Taliban da siyasar Asiya" ya fi ƙarfin kundi ɗaya, kuma mai shi yakan ƙare da tattara rahotannin jaridu. Abin da ke yiwuwa cikin shekara ɗaya ko biyu shi ne tambaya mai wuri da lokaci. Misali: me ya sa yarjejeniyar ruwan kogin Helmand ta 1973 ba ta kashe rigima tsakanin Kabul da Tehran ba? Ko kuwa: yaya ake sasanta rikicin gona a gabashin ƙasar tsakanin kotu da taron dattawa?

Daga nan sai ka san zamanin da tambayarka ta faɗa ciki, domin kowane zamani da irin takardunsa. Daga kafuwar daular Ahmad Shah Durrani a 1747 zuwa mulkin Amir Abdurrahman Khan na 1880 zuwa 1901, abin dogaro shi ne tarihin fada da aka rubuta da Farisanci da rahotannin jami'an Birtaniya a Indiya. A zamanin Sarki Zahir Shah, 1933 zuwa 1973, musamman shekarunsa na ƙarshe, masana halayyar al'umma daga waje sun zauna ƙauyuka shekara da shekaru, kuma har yau ba a sami kamar ayyukansu ba wajen zurfi. Juyin mulkin 1978 da shigowar sojojin Tarayyar Sobiyet a Disamban 1979 suka rufe wannan ƙofa, bincike ya koma Peshawar da Kwetta a Pakistan, wurin 'yan gudun hijira da jam'iyyun mujahidai. Daga 2001 zuwa 2021 an yi ambaliyar rahotanni, amma yawancinsu gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji ne suka biya kuɗinsu domin amsa tambayoyin kansu. Bayan 15 ga Agustan 2021 kuma, ranar da Taliban suka sake karɓe Kabul, akasarin aikin daga nesa ake yin sa.

Dole ne sai na iya Dari ko Pashto?

Idan aikinka nazarin manufofin ƙasashen waje ne, Ingilishi zai kai ka wani wuri. Idan kuwa al'umma da al'ada kake son fahimta, babu makawa sai harshe. Dari shi ne Farisancin Afganistan, tsarin mulkin 1964 ne ya tabbatar masa da wannan suna a hukumance, kuma masu magana da shi da yawa Farsi suke ce masa. Shi ne harshen kasuwa da ofis tsakanin ƙabilu, shi ya sa ya fi dacewa a fara da shi. Pashto ya zama dole ga mai nazarin kudu da gabas, da kuma duk mai son karanta sanarwar Taliban da waƙoƙinsu daga tushe. A arewa akwai Uzbek da Turkmen, a wasu wurare akwai Baluci da Pashai da harsunan Nuristan da na Pamir.

Wanda ya yi karatun Larabci ya ci rabin wahalar rubutu. Farisanci ya ƙara haruffa 4 ne kawai a kan na Larabci, Pashto kuma ya ƙara fiye da haka, har baƙaƙensa suka haura 40. Kalmar Taliban ma jam'in "talib" ce, tushe ɗaya da "ɗalibi" a Hausa. Sai dai a nan tarkon yake. Nahawun harsunan biyu ba na Larabci ba ne, kuma kalmomin aro sun sauya ma'ana. "Millat" tana nufin al'ummar ƙasa. "Watan" a bakin ɗan ƙauye sau da yawa kwarinsu yake nufi. "Daulat" ita ce gwamnatin tsakiya. Takardun hannu kuma da salon nasta'aliƙ ake rubuta su, na ofis na da ma da shikasta, rubutun da ke haɗe haruffan da ba a saba haɗawa ba. Wannan sai an zauna gaban wanda ya iya.

Idan da tafinta zan yi aiki fa?

Ana yi, amma da sharuɗɗa. Ku zauna kafin a fara, ku amince kan yadda za a fassara muhimman kalmomi 20 ko 30 na bincikenka, a rubuta su. Ka nemi fassarar magana yadda aka faɗe ta, domin tafinta mai ladabi yakan goge zagi da ƙorafi da habaici, alhali a nan bayanin yake. Ka ba wani mutum na biyu aƙalla hira ɗaya cikin biyar ya sake fassarawa ba tare da ya ga ta farko ba. Ka kuma lura da wane ne tafintan a idon wanda ake tambaya. Karin harshe yana tona asalin mutum cikin jimla ɗaya. Matashin Kabul mai boko da ke tambayar dattijo a Kandahar, ko Bapashtune da ke tambayar Bahazare kan rikicin makiyaya da manoma a Behsud, ba amsa ɗaya za su samu da ɗan gari ba. Hira da mata kuma mace ce ke yin ta.

Mutum nawa ne a ƙasar, kuma wace ƙabila ce ta fi yawa?

Ba a taɓa kammala ƙidayar jama'a a Afganistan ba. Wadda aka fara a 1979 tawaye ya hana ta isa yankuna da yawa, kuma ba ta ƙirga makiyaya yadda ya kamata ba. Duk lambar da ka gani tun daga lokacin hasashe ce da aka gina kan wannan tushe, aka gyara da jerin gidaje na farkon shekarun 2000 da hotunan tauraron ɗan'adam. Shi ya sa a 'yan shekarun nan hukumar ƙididdiga ta ƙasar ke cewa kimanin miliyan 35, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma na cewa sama da miliyan 40. Wannan tazara ta shiga duk wani lissafin "kashi kaza cikin ɗari" ko "ga kowane mutum ɗaya". Ka faɗi wadda ka ɗauka, ka tsaya a kanta daga farkon kundi zuwa ƙarshe.

Batun ƙabila ya fi haka sarƙaƙiya. Alƙaluman da ke yawo a intanet, wai Pashtun kashi 42, Tajik 27, Hazara 9, Uzbek 9, daga wani kundin bayanai na hukumar leƙen asirin Amurka suka fito, kuma ita kanta hukumar ta daina wallafa su daga baya. Kusan kowa ya yarda Pashtun ne rukuni mafi girma, amma ko sun kai rabi ko ba su kai ba magana ce ta siyasa, kowane ɓangare da lambarsa. Tsarin mulkin 2004 ya ambaci ƙabilu 14 da suna ba tare da ya ba kowa kaso ba. Gardama kan ko za a rubuta kalmar "Afgan" da sunan ƙabila a katin shaida na zamani, wato tazkira mai na'ura, ta jinkirta fitowarsa shekaru, sai a 2018 aka ƙaddamar da shi. Dalili kuwa, a tsohon amfani "Afgan" Pashtun take nufi, kuma wasu har yau haka suke jin ta. Shawararmu ita ce kada ka sa taswirar ƙabilu mai launi-launi a kundinka sai da bayanin wanda ya zana ta da shekarar da aka zana.

Me ake nufi da "ƙaum"? Ina ganin kowa da fassararsa.

Kowa da fassararsa domin kalmar tana miƙewa tana tsukewa gwargwadon mai tambaya. Idan baƙo daga wata ƙasa ya tambayi mutum ƙaum ɗinsa, zai iya cewa Pashtun. Idan Bapashtune ne ya tambaya, zai ce Durrani ko Ghilzai. A cikin Durrani zai ce Popalzai ko Barakzai ko Alokozai, a ƙauyensu kuma sunan zuriyar kakansa zai faɗa. Mutanen da littattafai ke kira Tajik da yawansu da gari suke bayyana kansu: Panjshiri, Herati, Badakhshi. A wasu wurare sana'a ce ƙaum, kamar maginan tukwane na Istalif a arewacin Kabul. Sayyidai kuma suna ɗaukar kansu ƙaum na dabam ko da wane harshe suke yi.

Saboda haka takardar tambayoyi mai akwati shida na ƙabila tana tilasta wa mutum amsar da ba ita yake rayuwa da ita ba. Ka bar tambayar a buɗe, ka rubuta abin da ya faɗa da bakinsa, sannan ka tambayi "mantiƙa" ɗinsa, wato gungun ƙauyukan da ke haɗa kasuwa da ruwa da makabarta. Sau da yawa mantiƙa ta fi gundumar da gwamnati ta shata bayyana wanda ke tare da wa.

Pashtunwali, jirga da shura: su ne ke tafiyar da karkara?

Pashtunwali al'adar mutunci ce da ba a rubuce take ba. Ana yawan ambaton melmastiya, wato karɓar baƙo, da nanawatai, neman afuwa ko mafaka, da badal, ramuwa ko musaya. Ta fi ƙarfi a tsaunukan kudu maso gabas, Paktiya da Paktika da Khost, inda gonaki ƙanana ne kuma maza na ganin kansu daidai da juna. A Kandahar da Helmand, inda ake da manyan masu ƙasa da noman rani, ikon khan da na malamai ya fi rinjaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki bayanin Khost a shimfiɗa wa duk Pashtun, ko ma duk ƙasar.

Jirga taro ne da ake kira domin wata matsala, a watse in an gama. Shura ta fi kama da majalisa mai ɗorewa, kuma yaɗuwarta na da alaƙa da zamanin jihadi da ƙungiyoyin agaji. Shirin raya karkara na ƙasa da aka fara a 2003 ya kafa dubban majalisun ƙauye ta hanyar zaɓe, su ma shura ake ce musu. In wani ya ce maka "shura ta yanke", ka tambaya wacce, yaushe aka kafa ta, wa ya kafa ta. Kada kuma ka manta da masu riƙe da al'amuran yau da kullum: malik ko arbab, wanda ke tsakanin ƙauye da hukuma, da limamin masallaci, da mirab, mai rabon ruwan noma. Wanda ya bi mirab kwana uku yana zagaya magudanan ruwa zai san masu ƙarfi a ƙauye fiye da wanda ya yi hira goma a ofishin gunduma.

Kwanan watan da ke takardun Afganistan yana rikita ni. Yaya ake juya shi?

Tun zamanin Sarki Amanullah, 1919 zuwa 1929, ƙasar ke amfani da kalandar Hijira ta rana, wadda ake kira shamsi. Shekara na farawa ranar 20 ko 21 ga Maris. Sunayen watannin na buruji ne, waɗanda malaman hisabi suka sani: Hamal, Saur, Jauza, Saratan, Asad, Sunbula, Mizan, Aƙrab, Ƙaus, Jadi, Dalwa da Hut. Shida na farko kwana 31 ne, biyar na biye 30, Hut kuma 29 ko 30.

Ga yadda ake lissafin shekara. Daga 1 ga Hamal zuwa wajen 10 ga Jadi, ka ƙara 621. Daga nan zuwa ƙarshen Hut, ka ƙara 622. Juyin mulkin 7 ga Saur 1357 ya zama 27 ga Afrilun 1978. Ficewar sojojin Sobiyet ranar 26 ga Dalwa 1367 ta zama 15 ga Fabrairun 1989. Faɗuwar Kabul ranar 24 ga Asad 1400 ita ce 15 ga Agustan 2021.

Wurare uku ake tuntuɓe. Na farko, takardun da suka gabaci Amanullah da Hijira ta wata aka rubuta su, kuma Taliban sun dawo da ita a wasiƙun hukuma, don haka 1400 a wata takarda 1980 ce, a wata kuma 2021. Na biyu, Iran na amfani da kalandar rana iri ɗaya amma da wasu sunayen watanni, Pashto ma da nasa sunayen. Na uku, shekarar kasafin kuɗi ta 1391 wata 9 ce kawai, saboda an mayar da farkon shekarar kuɗi zuwa Disamba a 2012. Wanda bai san haka ba zai ga kamar kuɗin shiga ya faɗi a shekarar.

Ma'aunin gona da na hatsi fa?

Jarib ɗaya murabba'in mita 2,000 ne, wato jarib 5 ke yin hekta ɗaya, kuma jarib na da biswa 20. Sir na Kabul kilo 7 ne, na Mazari Sharif ninkinsa ne, a Kandahar da Helmand kuma "man" ake awo da shi, kimanin kilo 4.5. Kharwar a Kabul sir 80 ne, kilo 560. Duk lokacin da manomi ya ba ka lamba, ka tambaye shi ma'aunin wane gari.

Haka ma iyakokin mulki. Larduna 34 ne, amma Panjshir da Daikundi a 2004 aka ƙirƙire su, an yanko su daga Parwan da Uruzgan. Yawan gundumomi kuma yana kai da kawo a kusa da 400, ya danganta da ko an ƙirga waɗanda ba a tabbatar da su a hukumance ba. In za ka jera alƙaluman shekaru, sai ka daidaita iyakokin tukuna.

Ina ake samun takardu na asali?

Na ƙarni na 19 zuwa 1947 suna cikin takardun Ofishin Indiya a babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan, da taskar takardun ƙasa ta Indiya a Delhi. Suna da yawa kuma a tsare, amma idon mai mulkin mallaka ne, da na 'yan rahoton da ake biya. Ana auna su da tarihin fada na Faiz Muhammad Katib Hazara, Siraj al-Tawarikh, wanda aka fassara zuwa Ingilishi, da jaridar Siraj al-Akhbar ta Mahmud Tarzi da ta fara fita a 1911. Jami'ar New York ta ɗora tsofaffin littattafan da aka buga a Afganistan tun daga shekarun 1870 a intanet kyauta. Cibiyar Afganistan ta Jami'ar Kabul, wadda Nancy Dupree ta assasa, ta tara dubban rahotanni da jaridun zamanin jihadi, kuma an ɗauki hoton da yawansu. Jami'ar Nebraska a Omaha ma na da babbar taska.

Na bayan 2001, cibiyar bincike ta AREU da aka kafa a Kabul a 2002 ta yi ayyuka masu zurfi kan ƙasa, ruwa da rayuwar karkara. Ƙungiyar manazarta ta AAN, tun 2009, tana bin siyasa gunduma-gunduma. Ofishin SIGAR, mai binciken kuɗin da Amurka ta kashe, ya wallafa rahotanni duk wata uku tun 2008. Shafukan gwamnatin da ta faɗi da yawa sun ɓace ko an sauya su, don haka duk takardar da ka samu ka sauke ta, ka rubuta ranar da ka gan ta.

Zan iya dogara da binciken jin ra'ayin jama'a?

Da taka-tsantsan. Mafi shahara shi ne wanda gidauniyar Asia Foundation ta riƙa yi kusan kowace shekara har 2019, da dubban mutane a duk larduna. Amfaninsa shi ne tambayoyi iri ɗaya na tsawon shekaru. Rauninsa a rubuce yake a babin hanyar bincike, wanda mutane ba sa karantawa: ƙauyukan da babu tsaro ana musanya su da wasu, ko a tare matafiya daga can a tambaye su a kasuwa. Wato wuraren da Taliban suka fi ƙarfi su ne aka fi rasa muryarsu. Ga kuma tsoro da kunya. Baƙo ya shigo gida da takarda yana tambayar ra'ayinka kan gwamnati ko 'yan bindiga, maƙwabta na zaune suna ji.

Wasu masana sun rage wannan matsala da dabarar jeri. Ana raba mutane gida biyu, a karanta wa rukunin farko abubuwa uku, na biyu kuma a ƙara na huɗu mai haɗari, a ce kowa ya faɗi guda nawa ya yarda da su ba tare da ya ambace su ba. Bambancin matsakaicin amsoshin rukunonin shi ke nuna goyon bayan abu na huɗu. Dabarar na buƙatar mutane da yawa, kuma tana lalacewa in mai tambaya bai fahimce ta ba.

Alƙaluman mace-macen fararen hula da UNAMA, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Afganistan, ya riƙa fitarwa tun 2009 sai an tabbatar da su daga majiyoyi uku masu zaman kansu, don haka mafi ƙarancin adadi ne. Na noman fofi, tsiron da ake tatsar ofiyom, sun fi ƙarfi domin tauraron ɗan'adam na ganin gona: UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ba da hekta 328,000 a 2017, da 233,000 a 2022, sai 10,800 a 2023 bayan Taliban sun haramta noman a Afrilun 2022. Amma hoto ba ya nuna abin da aka ɓoye a rumbu, ko bashin da ke kan ɗan ƙodago da ya rasa aikin tatsa.

Ana iya aikin fili a ƙasar yanzu?

Wasu na shiga, kuma hanyoyi sun fi lafiya fiye da lokacin yaƙi. Amma sai da izinin ma'aikatar da abin ya shafa da na hukumomin lardi, wani lokaci da ɗan rakiya, kuma akwai batutuwan da ba za a bari a taɓa ba. An hana 'yan mata sakandare, an rufe wa mata jami'a a Disamban 2022, a watan kuma aka hana su aiki da ƙungiyoyin agaji, sannan dokar umarni da kyakkyawa ta Agustan 2024 ta ƙara tsaurara fitarsu. Sakamakon haka ga bincike a fili yake: mata masu tattara bayanai sun ragu ƙwarai, muryar rabin al'umma ta yi nisa. Kundin da ya dogara da hirar maza kaɗai ya faɗi haka a shafin farko.

Mafi yawan ɗalibai daga nesa za su yi aiki, ta waya ko WhatsApp. A nan haɗarin ba a kanka yake ba, yana kan wanda ya amsa kiran. Ka nemi yardarsa da baki, kada ka sa shi sa hannu a takarda. Ka ba kowa lamba maimakon suna, ka ajiye makullin lambobin a wani wuri dabam mai kalmar sirri. Kada ka haɗa sana'a da shekaru da sunan ƙauye a rubutu, domin "malamar makaranta mai shekara 40 a ƙauye kaza" suna ne a wurin da kowa ya san kowa. Ka bar shi ya zaɓi lokaci da manhajar da za a yi magana, saboda ana duba wayoyi a shingaye, kuma manhajar da ba a saba gani ba tana jawo tambaya. Ku goge saƙonni bayan hira. Ka tanadi jinkiri a jadawalinka: a ƙarshen Satumban 2025 an katse intanet da waya a duk ƙasar na kimanin kwana biyu.

Wani abu kuma da ya kamata a sani. Daga 2007 zuwa 2014 rundunar sojan Amurka ta riƙa haɗa masana zamantakewa da dakarunta a fagen yaƙi, abin da ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta yi tir da shi. Mutanen karkara sun sha ganin mai tambaya ya zo, samame ko tallafi ya biyo baya. Ka faɗi gaskiyar wanda kake da abin da za ka yi da maganar, ka kuma faɗa ƙarara cewa ba ka raba tallafi ko biza.

A siyasar yanki, me ya fi cancantar nazari?

Iyaka da ruwa. Layin Durand, wanda aka shata a 1893 tsakanin Amir Abdurrahman da Mortimer Durand, ya kai kimanin kilomita 2,600 kuma ya ratsa ƙasar Pashtun da Baluc. Tun kafuwar Pakistan a 1947 babu gwamnatin Kabul da ta amince da shi a matsayin iyaka ta dindindin, har da ta Taliban. Wanda ya ɗauki Taliban a matsayin 'yan amshin shatan Islamabad kawai zai kasa bayyana rikicin shingen iyaka, da takaddama kan ƙungiyar TTP, wato Taliban ta Pakistan, da aka kafa a 2007, da korar 'yan Afganistan da Pakistan ta fara a ƙarshen 2023.

Ruwa kuwa bai sami masu nazari yadda ya kamata ba, alhali takardunsa na samuwa. Yarjejeniyar 1973 ta ba Iran ruwa kubik mita 26 a kowace daƙiƙa daga Helmand a shekarar da ruwa ya zo daidai, kuma tashar awo ta Dehrawud ce ke nuna ko shekarar ta zo daidai. Gardamar a nan take: wa ke karanta ma'aunin? Buɗe madatsar Kamal Khan a 2021 ya ƙara zafin batun, har aka yi musayar wuta a iyaka a Mayun 2023. A arewa, babbar magudanar ruwa ta Ƙosh Tepa mai tsawon kilomita 285 da aka fara haƙawa a 2022 za ta janye ruwa daga kogin Amu Darya, kuma Afganistan ba ta cikin yarjejeniyar rabon ruwan da ƙasashen Asiya ta Tsakiya suka ƙulla a 1992. Kogin Kabul ma babu yarjejeniya a kansa da Pakistan.

Kan Sin, ka bambanta sanarwa da aiki. Kwangilar haƙar tagulla a Mes Aynak da aka ba kamfanonin Sin tun wajen 2008 take, amma shekaru suka shuɗe ba a fara haƙa ba. Ka kuma bambanta hulɗa da amincewa: ƙasashe da dama na da ofisoshin jakadanci a Kabul, amma Rasha ce ta fara amincewa da gwamnatin Taliban a hukumance, a Yulin 2025.

Laifi ne in kira ƙasar "makabartar dauloli"?

Kirari ne, kuma tarihi bai goyi bayansa ba. Dauloli da dama sun mulki yankin ƙarnuka, Babur ma daga Kabul ya tashi ya kafa daular Mughal a Indiya a 1526. Birtaniya ta sha kashi a 1842, amma bayan yaƙinta na biyu da Afganistan ta riƙe harkokin wajen ƙasar har 1919. Kirarin yana kuma ɓoye shekaru kusan 50 na zaman lafiya kafin 1978.

Zan iya kwatanta Taliban da Boko Haram?

Akwai dalilin da ke sa a yi tunanin haka, tunda gungun da ya kafa sansani a Kanama ta jihar Yobe a 2003 an yi masa laƙabi da Taliban. Amma laƙabi ba ya nuna tushe ɗaya. Taliban 'yan mazhabar Hanafiyya ne, tarbiyyar makarantun Deoband, wadda aka kafa a Indiya a 1866, kuma sun taɓa mulkin ƙasa daga 1996 zuwa 2001. A aƙida reshen IS na Khurasan, wanda ya bayyana a 2015 kuma yake yaƙar Taliban, shi ya fi kusa da ISWAP. Mai karatun Malikiyya kuma ya kula da bambancin furu'a kafin ya yi hukunci kan fatawar Hanafi, ya kuma tuna akwai 'yan Shi'a Ja'afariyya da Isma'iliyya a ƙasar.

Kwatancen da ya fi amfani shi ne mai tambaya ɗaya ƙarama. Rigakafin shan inna misali ne: an tabbatar da Najeriya ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020, Afganistan da Pakistan kaɗai suka rage, kuma a duka wuraren an yi fama da jita-jita da kai wa ma'aikata hari. Rikicin makiyayan Kuci da manoman Hazarajat, yankin ƙabilar Hazara, kan burtali da makiyaya shi ma ana iya ajiye shi gefen namu, muddin an fara da dokar mallakar ƙasa ta kowane wuri.

Yaya zan rubuta sunayen mutane, kuma wa zan ambata a godiya?

'Yan Afganistan da yawa ba su da sunan iyali. Ana gane mutum da sunansa da na mahaifinsa, wasu kuma su zaɓi laƙabi daga gari ko ƙabila, har wa da ƙane su ɗauki mabambanta. Mullah, Maulawi, Ƙari, Haji, Injiniya da Ustad muƙamai ne, kada ka jera mutum a ƙarƙashinsu. Ranar haihuwa 1 ga Janairu da za ka gani a takardu da yawa cike gurbi ce, domin tsohuwar tazkira ƙiyasin shekaru take rubutawa. Ka zaɓi hanya ɗaya ta rubuta sunaye da boko, Kandahar ko Ƙandahar, ka bi ta ko'ina, amma wajen nema a intanet ka gwada duka, har da rubutun asali.

Abokan aiki 'yan ƙasar da suka yi hira ko fassara, ka tambayi kowannensu, a lokacin wallafawa, ko yana son sunansa ya fito. Wanda ya amince bara yana iya ƙi bana saboda iyalinsa na cikin ƙasar. In ya ƙi, ka bayyana aikin da ya yi ba tare da suna ba, ka ba shi wasiƙar shaida da zai iya nunawa nan gaba, ka kuma biya shi haƙƙinsa kan lokaci ta hanyar da shi ya zaɓa, wadda galibi hawala ce, wato aika kuɗi ta hannun dillalai ba ta banki ba.